Kowa ya san kuɗin ɗorawa a kwance, wa ya san kuɗinta a tsaye?

Duk mai bin hanyar Giwa ko ta Soba a 'yan shekarun nan ya san abin da idonsa ke gani, buhunan gawayi ne jere a bakin titi a-kori-kura na zuwa tana loda, ga masu injin yankan itace suna bin ƙauye-ƙauye suna taya bishiya tun tana tsaye. Cinikin ma baya ɗaukar lokaci. Mai inji ya zagaya gindin ɗorawa ko maɗaci, ya ɗaga kai ya kalli rassa, ya riga ya san katako nawa zai fitar da buhun gawayi nawa ragowar zai bayar, ya faɗi kuɗi, mai gona ya ce albarka, a ɗan ja kaɗan, a sallama. Amma je ka tambayi mai gonar nan nawa bishiyar ke shigo wa gidansa da shi duk shekara tana nan tsaye, dariya zai yi ya ce maka ai malam wannan ba a lissafa shi.

Toh ni ra'ayina a lissafa shi ɗin. A zauna a yi wa kurmin gari da hurumi da itatuwan gona kuɗi, naira da kwabo, a rubuta a ajiye. Na san akwai waɗanda maganar ke yi wa banbaraƙwai, wani dattijo zai ce yanzu inuwar da Allah ya bamu kyauta ita za ku sa wa farashi, ku 'yan boko ba ku da aiki. Kuma ban ce bai da gaskiya gaba ɗaya ba, hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito na cewa musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi, wannan ladan babu kalkuletar da za ta fitar da shi. Sai dai Baba, wanda ke zuwa sare bishiyar da wanda ke zuwa yanka filoti a kurmin ba da hadisi suke zuwa ba, da takarda suke zuwa mai lambobi, kuma a takardar nan duk abin da ba a rubuta masa kuɗi ba sifili ne. Injiniya zai kawo kuɗin kwalta, ɗan kwangila zai kawo na siminti, ciyaman zai kawo abin da za a samu in an sayar da filaye, in aka zo kan itatuwa sai a bar gurbin babu komai. Ka ga an riga an yi wa dajin farashi kenan, farashin banza, mu ne kawai ba a gaya mana ba.

Dubi maganar diyya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna, in gwamnati ta karɓi gonarka don aikin jama'a ba ƙasar ake biyanka ba, abin da ke kanta ne, gini da amfanin gona da itatuwa masu amfani. Mu nan Zariya abin ya shafe mu kai tsaye tunda titin Abuja zuwa Kano da bututun gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) da layin dogo na Kaduna zuwa Kano duk ta ƙasarmu suka ratsa. Jadawalin da gwamnatin tarayya ke biyan itatuwa da shi tun na 2008 ne aka yi ta amfani da shi, sai a 2024 ma'aikatar gidaje ƙarƙashin minista Ahmed Dangiwa ta sanar da sabo, inda a shiyyar Arewa ta tsakiya mangwaro babba ya tashi daga naira 4,000 zuwa 105,000. Tsaya ka ji fa, 4,000. Shekara da shekaru mutum na kallo a tumɓuke masa mangwaron da kakansa ya dasa a miƙa masa kuɗin da bai kai abin da yaransa ke sayarwa a tire a kaka ɗaya ba. Ba mangwaron ne ya ƙara daraja dare ɗaya a 2024 ba, wani ne kawai ya zauna ya sake lissafi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa lissafin nan ba wasan 'yan jami'a ba ne.

Yanzu ya ake yinsa? Mafi sauƙi shi ne a bi abin da ake cira a kai kasuwa ko a ci a gida, kuma a nan ne nake so mu daɗe don nan ake tafka babban kuskure. Ɗauki ɗorawa ɗaya. Da bazara a sauke 'ya'yanta, garin nan rawaya yara su sha a dama kunu, kalwa a wanke a dafa a yi daddawa ko a auna ta a tiya a kai kasuwa, ɓawon a yi makuba a yi daɓe ko a shafe katanga, sassaƙenta masu magani na nema, mai zuma ya ɗaura amyarsa a reshe, ganyen da ta zubar ya ruɓe a gona. Mu ƙaddara, misali ne kawai kowa ya sa farashin kasuwar garinsu, duk wannan ya kama naira 30,000 a shekara. Shekara 20 ka ga 600,000 kenan, kuma ɗorawa ta fi shekara 20 tana bayarwa nesa ba kusa ba. Mai inji kuma ya zo ya ajiye maka 50,000 ya kwantar da ita cikin awa ɗaya. Na san masana tattalin arziki za su ce kuɗin baɗi bai kai na bana daraja ba sai an rage, toh a rage ɗin, ko rabi aka zabtare har yanzu tazarar ba ƙarama ba ce, balle ma kalwa farashinta tare yake tashi da na sauran kayan masarufi, ita kuwa 50,000 ɗin nan kafin sallah ta narke.

To me ya sa mai gona ke sayarwa, wawa ne? A'a wallahi. Na farko buƙata, matarsa na asibiti ko taki ya gagara, kuɗin yau yake nema. Na biyu kuma, wanda ba a cika faɗa ba, wanda ke sayar da bishiyar ba shi ne ke cin amfaninta ba. Kuɗin kalwa da na kaɗe da kuka da tsamiya hannun mata suke shiga, da su ake sayen sabulu da omo da littafin makaranta, da su ake zubin adashe, da su uwa ke tara wa 'yarta kayan ɗaki kwano ɗaya-ɗaya. Maigida bai taɓa riƙe kuɗin nan a dunƙule ba, shi dai ya ga miya ta yi daɗi ya ga ba a tambaye shi kuɗin cefane ba ranar. Saboda haka in mai bincike ya zo ƙofar dagaci aka tara masa magidanta ya tambaye su amfanin kurmi, za su ce masa itacen girki da azara da ɗan farauta, ya rubuta ya tafi, rabin dukiyar ko fiye tana cikin gida bayan zaure ba wanda ya shiga ya tambaya. Haka Bafulatanin da ke sassaɓo wa shanunsa ganye da rani in ciyawa ta ƙare, shi ba ma a kiransa taron don ana ganin baƙo ne, alhali a watan Maris da Afrilu rayuwar garkensa a kan itatuwan nan take. Duk lissafin da ba a zauna da Inna mai daddawa da Ardo da mai maganin gargajiya ba, ni a wurina lissafin mai inji ne aka sake yi da biro.

Kaɗanya ma abin ya fi ciwo, itace ce da sai ta shekara wajen 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya na kirki, in ta fara kuma tana iya kaiwa jikokin jikoki, amma ita masu gawayi suka fi so saboda gawayinta na da nauyi yana daɗewa a wuta. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwarar kaɗe. Kuma a nan akwai darasi game da dogara da farashin kasuwa kaɗai, a watan Agustan 2025 da gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar waje na wata shida nan take farashi ya faɗi a hannun masu tsinta, to da a makon nan ka yi ƙiyasinka sai ka ce kaɗanya ta rage daraja, alhali bishiyar na nan yadda take. Shi ya sa ba a ɗaukar farashin kaka ɗaya a yanke hukunci.

Sai abubuwan da ba a kaiwa kasuwa sam. Nan dabarar ita ce ka tambayi kanka, in babu bishiyar nawa zan kashe in samu abin da take yi min. Gawo misali, da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, ga ƙasar gindinsa kowa ya san ta fi ƙarfi, to auna hatsin gindin gawo ka auna na nesa da shi, bambancin ka mayar da shi buhun taki a farashin yau, ka samu kuɗin gawo. Ruwa ma haka. In aka aske itatuwan bakin rafi ƙasa ce ke zaizayewa ta gangara, madatsar Kubanni da jami'ar Ahmadu Bello ke sha daga gare ta an daɗe ana maganar yashi da laka na cike ta, kuma yashe dam kuɗi ne na fitar hankali. Mu da muka san jarkar 'yan garuwa a Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni ba sai an yi mana dogon bayani kan kuɗin ruwa ba. Birnin New York na Amurka lissafin nan suka yi a shekarun 1990, aka ce masu ko su gina matatar ruwa ta dala biliyan 6 ko fiye, ko su kashe kusan biliyan ɗaya da rabi wajen kare dazuzzuka da gonakin tsaunukan Catskill inda ruwan ke fitowa, suka zaɓi na biyun, ba don son tsuntsaye ba, don ya fi araha.

Cikin masu ƙiyasin nan akwai masu duba kuɗin haya, su kwatanta gidan da ke unguwa mai itatuwa da wanda ke sabuwar unguwa ƙwal babu ko dalbejiya, akwai masu lissafa kuɗin motar da mutane ke kashewa su je wuri irin dutsen Kufena yawon buɗe ido. Waɗannan ba su dame ni sosai ba, a wurinmu haya ruwa da wuta da tsaro ke sa ta tashi kafin a zo kan inuwa. Haka shi ma ƙiyasin nan da Robert Costanza da abokan aikinsa suka fitar a 1997 cewa hidimar da muhalli ke yi wa duniya ta kai dala tiriliyan 33 a shekara, ya yi amfani wajen tada mutane daga barci amma dagacin ƙauyenmu ba abin da zai yi da shi.

Wadda ta fi damuna ita ce hanyar da ɗalibanmu suka fi so in za su yi furojet, wato a buga takardar tambayoyi a shiga ƙauye ana tambaya, nawa za ka iya biya duk wata don a kare dajin nan. Hanyar ba ta banza ba ce, tana da asali. Bayan jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya malalar da mai a gaɓar Alaska a 1989 an yi amfani da ita wajen ƙiyasta asarar, rigima ta kaure a kanta har aka kafa kwamiti ƙarƙashin Kenneth Arrow da Robert Solow, dukkansu masu kyautar Nobel, a rahotonsu na 1993 suka ce ana iya aiki da ita amma da sharuɗa masu tsauri, a yi tambayar baki da baki, a bayyana wa mutum abin dalla-dalla, a tuna masa yana da sauran buƙatu. To kawo ta ƙauyen Zazzau ka gani. Yaro ya sauka daga mashin da fayil a hannu yana tambayar nawa za ka biya, abu biyu ne zai zo wa manomi a rai, ko haraji za a ƙaƙaba ko tallafi za a raba. In ya zaci haraji ne ya ce ko sisi, in ya zaci tallafi ne ya faɗi abin da yake ganin zai faranta wa baƙo rai, wani kuma kunya ce kawai, ɗan mutane ya taso tun daga Samaru cikin rana ai ba ka ce masa a'a ba. A tattara wannan a zuba a kwamfuta ta fitar da lamba har da ɗigo biyu a baya, a ce ga darajar daji.

Ko ma kowa ya faɗi gaskiya akwai matsala a gindin tambayar. Abin da mutum zai iya biya aljihunsa ne ke yanke shi. Matar da rabin abincin gidanta daga kurmi yake fitowa za ta ce naira 200 don ita ke gare ta, wani babban ma'aikaci a GRA da bai taɓa taka wurin ba ya ce 5,000, sai takarda ta nuna shi ya fi ta damuwa da dajin, wannan ai zalunci ne da lissafi. Kuma tun farko wa ya ce ita za ta biya? Kurmin nasu ne tun kaka da kakanni, tambayar da ta dace ita ce nawa za a ba ki ki haƙura da shi, kuma masana sun daɗe da gano cewa amsar wannan ta kan ninka ta farkon. In dai dole sai an tambayi me za ka bayar, a tambaya da abin da mutane ke da shi, kwana nawa za ka fito aikin gayya a shekara a yi wa kurmi shingen wuta, tiya nawa ta masara za ka bayar da kaka a biya mai gadi. Wannan manomi zai ba ka amsa ta gaskiya don ya san nauyin yini guda a gona, daga baya kai ka mayar da shi naira da kuɗin ƙwadago.

Nasan wani na can yana cewa malam kana ta zancen daji, dajin da ya zama gidan 'yan bindiga, ai gara a aske shi kowa ya huta. Ba zan raina wannan maganar ba, wanda aka ɗauke masa ɗan uwa aka shiga da shi dajin Birnin Gwari ko ya bar gonarsa a Giwa shekara da shekaru ba zai ji daɗin waƙar bishiya ba, kuma lissafi na gaskiya dole ya sa asara a ciki, da ta tsaro da ta biran da ke ɓarnar masara da inuwar da ke rage amfanin gona. Amma a bambance, gandun daji irin Kamuku mai faɗin da ya haɗe da dazuzzukan jihohin maƙwabta daban, kurmin bayan gari da kowa ya san kowace bishiya a cikinsa daban. Kuma manyan ma ai sai da aka yi watsi da su, ba ma'aikata ba kayan aiki ba hanya, tunda a kasafin kuɗi ba a ɗauke su abin da ke kawo komai ba, sannan ɓata-gari suka samu wurin zama. Masu gawayi su ma ban ɗauke su shaiɗanu ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 gas da kananzir suka fi ƙarfin mutane gidaje da yawa a cikin garin nan sun koma gawayi, har da masu rubutu irin wannan. Buƙatar daga gari take zuwa, ƙauye ke biya.

Abin da ya sa nake ganin lissafi zai yi aiki in ya zama na mutanen wurin ne, ga maƙwabtanmu nan Maraɗi da Damagaram a Nijar. A da doka ta sa itace na hukuma ne ko a gonarka yake, manomi na ganin tsiro ya cire don kar ya jawo masa tara. Daga shekarun 1980 da aka fara barin kututture ya toho ana gyara masa rassa, hukuma kuma ta sassauta manomi ya tabbata itacen nasa ne shi zai ci amfaninsa, an ƙiyasta fili ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo, ba tare da an raba masu dashe ba. Mu kuwa duk shekara sai bikin dashen itace, manya su zo da babbar riga a ɗauki hoto, a 2019 ma a Majalisar Ɗinkin Duniya shugaba Buhari ya yi alkawarin miliyan 25, ga shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wato ACReSAL, na Bankin Duniya na dala miliyan 700 da jihohin Arewa 19 da Abuja ke ciki. Ana ƙirga abin da aka dasa, wanda ya rayu bayan rani biyu da wanda zai ci amfaninsa shi ne ba a cika jin lissafinsa ba. Elinor Ostrom da ta samu Nobel a 2009 abin da ta nuna kenan, jama'a na iya riƙe dukiyar haɗaka da kyau in iyakar a fili take, su suka tsara dokar, kuma akwai hukunci ga wanda ya karya. Kakanninmu da hurumi da sarkin daji ai kusan haka suke yi.

Maganar kuɗin kabon da ake ta yayatawa yanzu, wai kamfanonin waje za su biya don itatuwanmu na shanye hayaƙi, ban ƙi ba amma a yi hattara kar ta zama inuwar giginya na nesa ka sha. In gari bai san kuɗin abin da yake cira a kurminsa ba, wani zai zo da yarjejeniyar shekara 30 cikin Turanci ya ba mai unguwa da mutum biyar abin goro, washegari a ce wa mata an hana shiga tsintar kaɗe.

Zariya kuwa ba ta da uzuri. Ga tsangayar aikin gona, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR, ga cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS, ga tashar binciken dazuzzuka duk a Samaru, ɗalibai na fita ƙauyuka duk shekara suna tara bayanai a ɗaure a kai laburare ƙura ta rufe. Ni da za a ji tawa, duk wanda ya yi bincike a gari a wajabta masa ya koma da shafi biyu da Hausa ya karanta a gaban jama'a ya bar wa dagaci kwafi. Garin kuma ba sai ya jira jami'a ba, littafi mai layi ɗaya ya isa, a samu malamin firamare ko wani ɗan sakandare mai natsuwa da mace ɗaya da matan gari suka yarda da ita, a fara ƙirga itatuwan hurumi iri-iri, ɗorawa nawa kaɗanya nawa kuka nawa tsamiya nawa, sannan kowace kaka a rubuta abin da aka cira da farashinsa a kasuwa ranar, har wanda aka ci a gida a sa masa kuɗi. Ɗorawa da bazara take, kaɗe da damina, kuka da tsamiya da zuma kowanne da lokacinsa, ganyen dabbobi da rani, don haka sai an zagayo shekara cur kafin a samu lissafi na farko, shekara uku kuma kafin a ce ga matsakaici tunda itace ma wata shekarar ta yi wata ta ƙi. Ranar da safiyo ya zo da ma'auninsa ko mai inji ya zo da tayinsa ko kansila ya zo da zancen filoti, littafin nan za a buɗe masa, kuma a kira masu daddawa su zauna a wurin kafin kowa ya ce an sallama.